Miyata ba nama, surukata na gori, ga bashi ya taru a kaina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina da 'ya'ya uku, ƙaramin shekararsa ɗaya da rabi kuma har yanzu ina shayar da shi. Maigidana malamin firamare ne, mahaifiyarsa tana zaune tare da mu. Idan an yi albashi yakan sayo masara da ɗan shinkafa, sannan kullum da safe ya ba ni naira 3,000 na cefane, da su zan ciyar da mutum shida rana da dare. Duk ranar da na yi miya lami, Hajiya sai ta ture kwano ta ce ita ba akuya ba ce da za a riƙa tara mata ganye. Don in huta da gori na fara karɓar nama da mai bashi, yanzu mai nama da mai shagon unguwarmu suna bina naira 22,000, maigida bai sani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, na san wasu ranaku yana tsayawa wurin mai shayi ya ci taliya da ƙwai tare da abokansa. Ina tsoron yarana su rame saboda rashin nama, ina kuma tsoron ranar da masu bashi za su yi sallama da shi. Ki ba ni shawara.

Wata baiwar Allah, Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya buɗa muku, ya raya zuri'a. Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba rashin naman ba ne, wannan naira 22,000 ɗin ce da kike kwana da ita ke kaɗai. Miya ba nama abu ne da za mu iya gyarawa tun daga girkin gobe. Bashin ɓoye kuwa kullum ƙaruwa yake yi, kuma ranar da ya fito da kansa, ba za a yi maganar gorin da ya jefa ki cikinsa ba, za a ce matar malam ce ta ci bashi a bayan idonsa. Saboda haka daga nan za mu fara.

Ina so ki cire wa ranki tunanin cewa rashin iya tattali ne ya kai ki nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya tashi, kayan masarufi suka bi bayansa, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san ƙarin bai kamo tsadar ba. Naira 3,000 idan aka raba wa mutum shida, 500 kenan kowa, abinci sau biyu. Matar da take fitar da tukunya biyu daga wannan kuɗin ta cancanci yabo.

Sai dai akwai abin da ya kamata in faɗa miki game da maigida, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Mutumin da yake ajiye naira 3,000 da safe, ya dawo da yamma ya tarar da tsoka a miya, ba shi da dalilin da zai sa ya san kuɗin ba sa isa. Ƙoƙarinki na rufa masa asiri shi ne ya rufe masa ido. Ba na ɗauke masa nauyi, domin ciyarwa wajibinsa ce, kuma namiji mai iyali ya kamata ya riƙa tambayar farashin manja da tattasai ko ba a faɗa masa ba. Amma kafin a yanke masa hukuncin rashin kulawa, a fara nuna masa lissafin. Ki samu takarda ki rubuta duk abin da kika saya na kwana bakwai, har da kuɗin niƙa da ashana da ƙullin gishiri, ki rubuta farashin kowanne a gefe. Ki zaɓi daren da ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, Hajiya ta shiga ɗakinta, ki ajiye takardar a gabansa ki ce, "Malam, ina so ka taya ni duba wannan, na kasa daidaita shi ni kaɗai." A wannan zaman za ki faɗa masa bashin, da adadinsa, da sunan masu binki, ki nemi afuwarsa a kan ɓoyewar ba tare da dogon kare kai ba. Mai yiwuwa ya yi faɗa. Ki daure, domin faɗan da zai yi a ɗaki ya fi sauƙi a kan kunyar da zai ji idan mai nama ya tare shi a ƙofar masallaci.

Maganar mai shayi kuwa, kada ki haɗa ta da wannan zaman. Idan kika jefo ta, hirar za ta tashi daga lissafi ta koma ramuwar zargi, ke da bashinki, shi da taliyarsa. Na yarda da ke cewa abin da ciwo, kuma ba daidai ba ne uba ya ci ƙwai a waje alhali ɗansa na goye bai gani ba. Amma sau da yawa majalisa ce ke jan maza, yau wannan ya saya gobe wancan, kunya ta hana mutum zamewa. Idan ya ga a rubuce cewa kuɗin faranti ɗaya na can zai sayi ƙwan da yaro zai ci na kwanaki, malamin makaranta ne, zai yi lissafin da kansa. In bai yi ba, bayan mako biyu ki roƙe shi kai tsaye ya riƙa shigo da ƙwan gida ki soya masa, kowa ya samu.

Bashin kansa a tsayar da shi yau. Ku je wa mai nama da mai shago da magana guda: ba za a ƙara karɓa ba, kuma ga abin da za a riƙa biya duk ƙarshen wata har ya ƙare. Masu sana'a a unguwa sun fi son wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya a kan wanda yake sauya hanya idan ya hango su.

Yanzu ga tsoronki na ramewar yara. Ki kwantar da hankalinki, yaro zai iya girma lafiya ba tare da nama kullum ba, muddin abincinsa ba tuwo da ruwan miya kaɗai ba ne. Abin da jiki yake nema a nama shi ne sinadarin furotin mai gina jiki, kuma busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken soya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Idan aka haɗa hatsi da wake a yini guda, abin da ɗaya ya gaza da shi ɗayan yana cikewa. Shi ya sa garau-garau, da ɗan wake, da kunu da ƙosai, da faten wake, waɗanda wasu ke raina wa, suke cikin abinci mafi riƙe jiki da muke da su. Amma ba zan ɓoye miki iyakar abin ba. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a dogara da tsirrai wajen samunsa, sai daga dabba. Don haka nono da ƙwai ba ado ba ne a gidanki, musamman gare ki mai shayarwa da kuma ɗan autan. A cikin kuɗin cefane ki fara ware na kindirmo ko ƙwai kafin na komai, ko da yaron ne kaɗai zai samu ƙwai sau uku a mako, ke kuma ki sha nono da fura ko da kunu. Idan an samu sarari, ɗan busasshen kifi da aka daka aka barbaɗa a miya yana isa ga kowa fiye da tsoka huɗu da za a yi ta rabo. Sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da zogale jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da ɗanyen tumatir, ko lemo, ko gwaiba, shayi kuma yana rage ɗaukarsa, saboda haka a bar tazara tsakanin shayi da abinci. Idan kika ga yaro ya daina ƙara nauyi, ko cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko ke kina yawan jiri da kasala, ku je asibitin sha-ka-tafi a auna, kada a tsaya gwaji a gida.

Ga ƙaramin, akwai garin kunu da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata, wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. A soya kowanne daban ba mai har ya yi ƙamshi, a ɓarza waken soyan a sheƙe ɓawon, a haɗa a niƙa. Niƙa ɗaya yana kai makonni, kuma kunun ya yi kauri yadda zai zauna a cokali, domin kunu mai ruwa cika ciki yake yi kawai. Gyaɗar ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta sauya launi ki zubar, saboda tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Mu dawo kan miya, tunda a nan rigimar take. Yawancin miyar da ake kira lami ba rashin nama ne ya kashe ta ba, gaggawa ce. An saba romon nama yana rufe komai, da aka cire shi sai aka bar ruwa da magi. Ki gwada miyar kuka haka: ki soya albasa a ɗan manja a kan wuta kaɗan har ta yi ja ta saki zaƙinta, ki daka daddawa da citta da masoro da barkono ki zuba a cikin man su soyu tare kafin ruwa ya shiga, sannan ki sa ludayi ɗaya na wake da kika surfa ya dahu har ya narke, a ƙarshe ki kaɗa kukar. Waken ne zai ba ta jiki, daddawar da aka soya ta ba ta ƙamshin da ke kiran mutum daga soro. Miyar taushe da kabewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da yakuwa ba ta taɓa jiran nama ba. Haka miyar gyaɗa da alayyafo, da dambun masara da zogale, da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Idan kika jera waɗannan a mako, ba za ki maimaita tukunya ba, kuma za ki ga magin da kike saya ya ragu.

Abin da zai fi cike miki gurbin tsoka a kwano shi ne awara, kuma wadda aka yi a gida ta fi ta saye araha nesa ba kusa ba. Ki jiƙa waken soya ya kwana, ki wanke ki kai niƙa, ki tace da ƙyalle mai laushi, ki ɗora madarar ta tafasa sosai kina kula kada ta zube, sannan ki riƙa zuba ruwan tsami na kamu ko na tsamiya kaɗan-kaɗan har ta tsinke, farin ya taso sama ruwan ya koma garai. Ki kwashe a ƙyalle da ɗan gishiri da attaruhu, ki ɗaure, ki danne da dutse ko turmi. Idan don miya kike yi, ki bar ta a danne fiye da yadda masu sayarwa ke yi don ta yi tauri, ki yanka ƙanana, ki soya sama-sama da mai kaɗan, ki jefa a miyar ta ƙara tafasa ta sha romo. Dusar ma ba ta zubarwa ba ce, kaji da awaki suna sonta.

Hajiya kuwa, ki dube ta da idon rahama. Tsohuwar da ta sha wahalar rainon ɗa har ya zama ma'aikaci, a ranta nama a kwanonta shaida ce cewa wahalar ba ta tafi a banza ba, kuma idan ta rasa shi, ya fi mata sauƙi ta zargi suruka a kan ta yarda cewa ɗanta ba ya da hali. Wannan bai halatta mata gori ba, amma ya nuna cewa ba bakinki ne zai gyara ba. Ɗanta ne zai zauna da ita ya ce, "Hajiya, yanayin ne ya sauya, ni ne ban kawo ba, ba ita ce ta hana ba." Jimla guda daga bakinsa ta fi bayaninki na shekara. Naki aikin shi ne ki jawo ta cikin kicin ta ƙofar girma. Matan zamaninsu, musamman waɗanda suka tashi a karkara, sun san nama a matsayin abin ranar kasuwa da suna da Sallah, kuma a hannunsu asalin iya miyar daddawa yake. Ki same ta ki ce, "Hajiya, miyar kukata ba ta yin daɗi irin taku ta da, ki koya mini." Da wuya ta ture kwanon miyar da ita ta nuna yadda za a yi. Ku kuma ware rana ɗaya, kamar Juma'a, ko sau biyu a wata gwargwadon hali, a sayi ɗan nama ko ƙashi da kuɗi a hannu, a fara zuba mata. Abin da aka san ranar zuwansa ba a cika yin ƙorafin rashinsa ba. Allah ya ce a Suratul Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Malam ya san ayar, kuma daga bakinsa za ta fi shiga kunnen mahaifiyarsa.

Tsarin cefanen kullum ɗin kansa yana cin kuɗinku. Wanda yake sayen manja da wake da daddawa a ƙulli-ƙulli ya fi kowa biya da tsada, domin kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a ciki. Ki roƙi maigida, ranar albashi, ya cire rabin kuɗin cefanen wata a saye wake da soya da gyaɗa da mai da kuka da busasshiyar kuɓewa a tiya da galan, ragowar ta zama ta kayan ɗanye. Kuna Kano, ga kasuwar Dawanau ta hatsi, ga 'Yankaba ta kayan gwari. Buhu ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma gida huɗu na maƙwabta ko malaman makarantarsu za su iya haɗa kuɗi su saya su raba, kuɗin mota ma a raba. Lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, shi ne na sayen wake da hatsi, kuma idan kina adashi ki nemi kwasarki ta faɗo a lokacin. Wajen ajiya kada ki yarda a zuba wa wake fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta da ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba har baki, ki rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba, ko ki yi amfani da buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. Ƙwarin da ya rasa iska mutuwa yake yi. Tumatir da tattasai kuma, idan na rani ya cika kasuwa daga wajen Kadawa da Kura, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta a sama da ƙasa, ki ajiye kauɗarki don damina lokacin da farashi ke tashi.

Wake yana da laifi ɗaya, cin makamashi. Jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dahuwa sosai, yana kuma rage kumburin ciki, sannan ba sai kin cika masa kanwa ba. Akwai kuma dabarar da mata da yawa ba su gwada ba: idan ya tafasa sosai na kamar minti 15, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ki sa a kwali ko kwando, ki bar ta awa biyu zuwa uku ta ƙarasa da zafin kanta, sai ki ɗan mayar wuta ki haɗa. Tuwon dare ki ƙara yawansa ya zama ɗumamen safe, a tafasa shi da kyau, kin huta da kuɗin burodi. Idan akwai ɗan fili a tsakar gida, bishiyar zogale guda da alayyafo a tsohon buhu za su rage miki sayen ganye, kaji biyu kuwa za su iya ɗauke miki ƙwan yaron.

Idan kika yi duk wannan maigida ya ƙi sauraro, ko ya ce ke kika ci bashin ke za ki biya kuma ba zai sauya komai ba, kada ki koma wurin mai nama. Ki dafa abin da kuɗin ya saya, ki ajiye takardarki, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko waliyyinki, a zauna cikin sirri. Kuma tunda za ki riƙa yin awara, ba laifi ki ƙara mudu ɗaya ki sayar wa maƙwabta daga cikin gida, da saninsa. Ribar taki ce a shari'a, abin da kika sa a tukunya daga ciki kyauta ce kika yi, ba wajibi ba, kuma yana da kyau ku fahimci juna a kan haka tun farko don kada sana'arki ta zama dalilin rage kuɗin cefane. Ki fara da rubuta cefanen gobe, in Allah ya kai mu, ki jiƙa wakenki tun daren yau. Bayan kun yi zaman da Malam ki sake rubuto mini in ji yadda kuka rabu da masu bashin, da abin da Hajiya ta ce da miyar.